Uwaisu Shiga-Fadama

A tashar Wurno masu suna Uwaisu sun kai uku, amma idan ka ce Shiga-Fadama ba wanda zai tambaye ka wanne. Za a nuna maka wani dogon mutum mai ɗan furfura a gemu, wanda yake zama a ƙarshen benci kamar aron wurin aka ba shi. Sunan yana nan manne da shi har yau, ko da yake an kwana biyu rabonsa da ya sa tayar mota a fadama. Yadda aka yi aikin ya tafi ya bar masa suna, mutanen tasha ba sa faɗa a gabansa. Sai ya cika mota ya kama hanyar Achida sannan bakinsu yake buɗewa.

Mahaifinsa, Allah ya ji ƙansa, da jakuna ya ci abinci. Lokacin cirar albasa shi ne yake fito da buhuna daga gonakin bakin gulbin Rima zuwa inda babbar mota za ta iya tsayawa, tun daga fadamar Wurno har ta Kagara can ƙasar Goronyo. Uwaisu ya tashi yana bin jakunan nan, don haka ya san fadama kamar tsakar gidansu. Ya san inda ƙasa take da ƙarfi, ya san inda ta bushe a sama alhali ƙarƙashinta taɓo ne, ya san gangaren da ba a saukarsa sai a karkace. Da ya girma ya bar jaki ya koyi tuƙi, ya yi shekaru yana jan motar mutane. Shi ne kuma ya koya wa ƙanensa Almustapha, wanda kowa ke kira Almu, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Da faɗa da dunguri ya koya masa, kuma bai taɓa barin Almu ya manta da wanda ya fara ɗora masa hannu a kan sitiyari ba.

Bayan rasuwar tsohon suka sayar da jakunan da wata gonar gado, suka haɗa da abin da suka tara, suka tafi Sakkwato suka sayo motoci biyu rana ɗaya. Bas ne masu shan man gas, tsofaffin Turai, farare, kamarsu ɗaya har da rubutun jikinsu da ba mai iya karantawa. Dillali ya rantse injinsu iri ɗaya ne, kuma bai yi ƙarya ba. Da yake Uwaisu ne babba, shi aka ba zaɓi. Ya shiga ta farko ya zagaya, ya shiga ta biyu ya zagaya, ya ce ta biyun yake so, don ita ce da ya saki kuloci ta zabura kamar an tsikare ta. Da bakinsa ya yi wannan zaɓi, a gaban shaidu, kuma daga baya shi ne abin da ya fi ci masa rai, don babu wanda zai ɗora wa laifi.

Shekarun farko nasa ne, wannan ba gardama. Sauran direbobi a bakin titi suke tsayawa su jira a fito musu da kaya a amalanke. Uwaisu kuwa sai ya cire kujeru, ya gangara da motarsa har cikin gona, ya tsaya a gindin tarin albasa. A loda mata buhu har rufi, a ƙara wasu a sama a ɗaure, ya sa giya ta ɗaya, ta yi gurnani ta haye yashin nan a hankali kamar saniyar noma. Manoma suka huta da dako biyu, albasarsu ta daina kwana a rana. Malam Isa, dattijon manoman albasa na Kagara kuma aminin mahaifinsu, shi ne ya laƙaba masa Shiga-Fadama, ya kuma ce muddin yana raye ba wanda zai ɗauki albasar mutanensa sai ɗan abokinsa.

Motar tana da wata alama tata. Idan aka ɗaga ƙafa daga totur a gangare, sai wani siririn kuka ya taso daga ƙarƙashinta ta baya, kamar na tsohuwar ƙofar langa-langa. Kanikawa sun duba sun ce ba cuta ba ce, halinta ne. Matarsa Sa'adiya da wannan kukan take sanin ya dawo tun yana bayan gari, ta ɗora ruwan wanka.

Almu ma ya gwada fadamar sau ɗaya, a shekararsu ta farko. Motarsa ta sauka lafiya, aka loda mata rabin abin da ake loda wa ta wansa, ta zo hawa ta tsaya tana karkarwa, ta mutu. Uwaisu ne ya ɗaura mata igiya ya jawo ta. Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi, amma sai ya mai da shi labarin shan shayi. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji yadda Almu ya kafe a gaban mata masu tsintar albasa, har yana kwaikwayon yadda ya fito yana share gumi. Almu ba mai yawan magana ba ne, murmushi kawai yake yi. Ya mayar da kujerunsa, ya koma ɗaukar fasinja a kan kwalta, yau Sakkwato ta Achida, gobe Rabah, ranar kasuwar Gandi ya leƙa can. Uwaisu yana kiran aikin nasa yawon shan iska.

Sai man gas ya yi tashin gwauron zabo.

Hirar tasha ta juya cikin ɗan lokaci. Da can ana gardamar motar wa ta fi ƙarfi, yanzu kuwa ba a tambayar komai sai motar wa ta fi jimirin mai. Da yake agogon mai na yawancin motocin ya daɗe da mutuwa, kowane direba yana da karan dawa da yake ajiyewa a bayan kujera. A buɗe tanki, a zira kara, a zaro a duba inda ya jiƙe. Wannan kara shi ya zama alƙali. Da safe kowa ya auna, da yamma a sake aunawa, a jera a gwada, a yi wa wanda motarsa ta fi zarin sha dariya. Kullum karan Almu ne yake fitowa a jiƙe har sama. Aka fara cewa motar Almu ba ta shan mai, ƙamshinsa kawai take shaƙa. Karan Uwaisu kuwa sai ka ce an sa shi a rijiyar da ta ƙafe.

Da farko ya yi kamar abin bai dame shi ba, ya ce mota mai aiki dole ta ci. Amma wata rana babu lodi, suka tashi tare zuwa Sakkwato, shi wayam, Almu da fasinja cike. Suka sha mai daidai a gidan mai ɗaya, suka je suka dawo. Da azahar, da Almu ya shiga masallacin tasha, Uwaisu ya waiga hagu da dama, ya buɗe tankin ƙanensa ya zira nasa karan. Ya zaro, ya sa farce ya yi alama, ya je ya zira a nasa. Tazarar da ke tsakani ta kusa kai tafin hannu. Ya daɗe a tsaye cikin rana da kara a hannu, babban mutum mai iyali, yana jin wani abu yana cin ƙirjinsa. Hassada ce, ba wani suna da za a ba ta, kuma ta ɗan'uwa ta fi kowace ɗaci, don kullum yana gabanka kuna cin tuwo ɗaya.

Daga nan ya shiga neman sirrin. Ya canja nozul, ya wanke tanki, ya cika tayoyi da iska har motar tana tsalle a kan kowane dutse. Ya koyi sakin firi a gangare, wato cire giya a bar mota ta gangara da kanta, abin da a da yake zagin direbobi a kai. Ya canja gidan mai, ya ce na farkon suna tauye mudu. Da ya ga wata 'yar laya a rataye a madubin Almu, bai yi barci mai daɗi ba sai da ya samo tasa, wadda ta fi girma. Motar ta ci gaba da shan abin da ta saba. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne bin bayan Almu a kan kwaltar Achida. Gudunsu ɗaya, amma tasa tana ihu kamar za ta tsage, ta Almu tana tafiya shiru. Yana cikin giya ta biyar, ta ƙarshe, sai ya ji hannunsa ya kai kan sandar giya da kansa yana neman wata ta gaba da babu ita.

Sannan ga ƙananan abubuwa da ba wanda ya yi su da nufi. Mahaifiyarsu za ta je asibiti a Sakkwato, ta ce Almu ya kai ta, don motarsa ba ta da hayaniya, ta Uwaisu kuwa tana sa mata ciwon kai. Almu ya yi wa motarsa sabon fenti. Almu ya sayi rago tun Layya da saura. Wani sabon direba ya zo neman shawarar motar da zai saya, ya wuce Uwaisu a kan benci, ya gaishe shi da ladabi, ya je ya durƙusa gaban Almu. Uwaisu ya ga duk wannan, ya adana. Idan aka yabi ƙanensa a gabansa sai ya ce ai shi ya koya masa, amma muryar takan fito a bushe. Ya daina ba da labarin kafewar Almu, don ya lura ba a dariya kamar da.

Sa'adiya ba ta da tsoron faɗa masa gaskiya. Wata rana da ya tasa tuwo a gaba ya kasa ci, ta ce, “Baban Hassana, motakka cikin yashi taka wuni da buhu har ruhi, ta Almu bisa kwalta taka yawo da mutane. Ƙaƙa za su sha mai ɗaya? Ka ci abincinka.”

“Ke mi kinka sani ga mota?” in ji shi. “Wayam nit tahi, shi da mutane cike, kuma tatai ta hi tawa jimiri.”

Ta tambaye shi yadda aka yi ya san abin da ke cikin tankin Almu. Ya kawar da kai. Ta dube shi, ta kwashe kwanon miya ta ce bari ta ɗumama, ta bar shi da kunyarsa.

Wanda ya warware masa zancen shi ne Habibullahi, bakaniken Achida, wanda motocin nan biyu suka saba kwana a garejinsa. Ya gaji da canja wa Uwaisu abin da bai lalace ba, sai ya kira shi ƙarƙashin motar, ya buga sifana a kan ƙullin ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya. Ya ce ba laya ba ce, ba inji ba ne, aksul ne. A cikin ƙullin akwai faifai mai haƙora da ɗan ƙarami mai juya shi. Faifan motar Uwaisu ya fi yawan haƙora, don haka sai inji ya yi juyi da yawa kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Shi ya ba ta ƙarfin hawa da kaya, shi ne kuma yake sa ta ihu da shan mai a kan kwalta. Na Almu kuwa haƙoransa kaɗan ne, inji yana hutawa taya tana gudu, amma ba ta da ƙashin bayan tayar da nauyi a yashi. Tun daga can Turai aka ƙera su haka, wata don hawa da kaya, wata don doguwar hanya.

Da wani ne ya ji wannan, da hankalinsa ya kwanta, ya ce ashe kowa da rabonsa. Uwaisu abu ɗaya ya ji: ana iya kwance ƙullin nan a sa wani. Ya ce a nemo masa irin na Almu.

Habibullahi ya fito daga ƙarƙashin mota ya zauna a kan taya. “Shiga-Hwadama, ka ji ni da kyau. In anka sa maka irin nai, mai za shi ragu, wanga gaskiya ta. Amma hwadama ta hi ƙarhinka daga ranan. Guda za ka zaɓa.”

“Ni ka shiga hwadama, ba aksul ba,” in ji Uwaisu. “Tun ina bin jakkai nis san ƙasag ga. Almu rashin hannu yas sa shi kahewa. Kai dai nemo, kuma kada shi ji.”

Ya yarda da abin da ya faɗa har zuciyarsa, kuma a nan kuskuren yake. Shekara da shekaru ana yabon hannunsa, bai taɓa zama ya raba nawa ne nasa, nawa ne na ƙarfe ba. Habibullahi ya yi masa wani irin kallo, ya sosa ƙeya. Daga baya ya ce akwai wani a Rabah da ya daɗe yana neman aksul mai ƙarfi, watakila ya yarda a yi musaya, ba cikon komai. Uwaisu bai tambayi ko wane ne ba. Murna yake yi ya sami wawan da zai karɓi mashayin mai ya ba da mai jimiri.

Aka ɗora motarsa a kan duwatsu a garejin Achida, Habibullahi ya kwance ƙullin, ya naɗe shi a buhu, ya ɗaure a bayan babur ya nufi Rabah. A ranar ne labari ya iso tashar Wurno cewa an ga motar Almu ita ma a kan duwatsu a Rabah. Uwaisu ya ce Allah ya sawwaƙe da bakinsa, amma a cikinsa wani sanyi ya ji, har ya sayi tsire ya kai gida. Ashe 'yar lelen tasha ma tana lalacewa.

Sabon aksul ya yi duk abin da aka ce zai yi. Motar ta yi shiru a kan kwalta, hannunsa ya daina neman giyar da babu, kukan nan na baya ya ɓace har Sa'adiya ta ce yanzu sai dai ta gan shi a tsakar gida kamar ɓarawo. Karansa ya fara fitowa a jiƙe. Da yake lokacin albasa bai kama ba, shi ma fasinja yake ɗauka, kuma yakan jira sai tasha ta cika sannan ya zaro kara ya ɗaga shi sama yana duba kamar bai gani da kyau ba. Aka yi ta mamaki, ana tambayarsa me ya yi mata. Ya ce iya tuƙi ne. Abu ɗaya ya rage masa daɗi: Almu ya rage zama a tashar Wurno, kullum yana wajen Rabah da Gandi, don haka bai samu ya jera karansa da na ƙanen a gaban jama'a ba.

Bazara ta shigo, albasa ta nuna, Malam Isa ya aiko a zo. Uwaisu ya cire kujeru ya kama hanyar Goronyo da hantsi, yana 'yar waƙa. Ya gangara fadamar Kagara a karkace yadda ya saba, ya tsaya a gindin tari. Manoma suka yi masa maraba da sunansa. Babbar motar da za ta kai kayan kudu tana can bakin titi tana jira, direbanta ya ce shi ba zai kai la'asar a wurin ba. Aka loda kamar kullum, har rufi, aka ɗaure na sama.

Ya sa giya ta ɗaya ya saki kuloci. Motar ta motsa da ƙyar, ta yi 'yar tafiya a kan ƙasa mai ƙarfi, ta iso gindin yashin da ake hawa. Nan ta fara karkarwa, irin karkarwar da ya sha kwaikwaya a wurin mai shayi, ta mutu. Ya tayar, ya ja baya, ya zo da gudu, ta kai rabi ta mutu. Ya tayar, ya danna totur har ƙasa yana sakin kuloci kaɗan-kaɗan. Duk dabarar da ya sani ya yi, ya bi ta gefen da ya san ƙasa ta fi tauri, ya rage iskar taya, manoma suka sa kafaɗa suna turawa. Sai wari ya taso, warin kuloci mai ƙonewa, kamar an jefa tsumma a wuta. Aka sauke na sama, aka sauke rabin na ciki, buhuna suka zube a rana. Ta ƙi hawa.

Ba wanda ya yi masa dariya, kuma hakan ya fi ciwo. Malam Isa ya dubi rana, ya dubi albasar mutanensa. Kowa ya san zamanin da ake ciki, ba a son magariba ta riski mutum a bayan gari, balle da dukiya a zube. Ya koma gefe ya ciro waya daga aljihu ya yi magana a hankali, ya dawo ya ce wa Uwaisu ya huta, shi ya riga ya kira Almu, an ce yana cikin Goronyo ya kawo kaya.

Duk da halin da yake ciki sai da Uwaisu ya yi 'yar dariya. Ya ce Almun da ya kafe a daidai wurin nan da rabin lodi, shi ne zai zo ceto? Ya zauna a inuwar motarsa yana tanadin abin da zai faɗa idan sun zama su biyu a kafe.

Bai ga motar ba tukuna, kunnensa ne ya fara sanar da shi. Daga can saman gangare, inda direba yake ɗaga ƙafa daga totur, wani siririn kuka ya taso, kamar na tsohuwar ƙofar langa-langa. Uwaisu ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Farar motar Almu mai sabon fenti ta gangaro a karkace, tana kukan da ya yi shekaru yana ji a bayan kujerarsa, ta ratsa yashin ta zo ta tsaya kusa da tasa.

Almu ya fito da saurinsa, ya gaida Malam Isa, ya zo ya rusuna wa wansa. Fuskarsa akwai damuwa, akwai kuma wani farin ciki da ya kasa ɓoyewa.

“Yaya, ban so ka ji haka ba, so niy yi in gwada ta tukuna. Tun randa kaj jawo ni nan wurin ban sake kwana da daɗi ba. Kullum in nig ga ana kiranka Shiga-Hwadama, ni kau ina ɗaukar mata da kaji, sai in ji kamar ba ɗan Baba na ba. Na daɗe ina roƙon Habibu shi samo mani aksul irin naka, nic ce kada ka ji. Sai kwanan ga yas samu ga wani mutum da ya gaji da nashi.”

Uwaisu ya dubi ƙullin ƙarfen da ke ƙarƙashin motar ƙanensa. Har tabon da dutse ya yi masa a shekarar ambaliya yana nan.

“Ba iri nai ba na,” in ji shi. “Shi na.”

Almu ya dubi motar wansa, ya dubi buhunan da ke zube, ya shaƙi warin kuloci, sannan ya gane. Can ya ce, idan Yaya yana so, gobe sai su je Achida a mayar wa kowa nasa. Da gaske ya faɗa, don Almu ba munafuki ba ne. Amma yana faɗa hannunsa yana kan ƙofar motarsa, ya riƙe ta gam, kuma Uwaisu ya ga hannun. Ya kuma ga manoma sun yi shiru suna sauraro. In ya karɓa, ya zama ke nan ya amsa a gaban mutanen Kagara cewa ba shi ne yake shiga fadama ba, ƙarfe ne, kuma kishin ƙanensa ne ya sa ya rabu da shi. Kowa a wurin ya riga ya san haka, amma sani daban, faɗa da baki daban.

“Bar shi,” in ji Uwaisu. “Ni na gaji da yashi. Ɗauko igiya.”

Ba kyauta ya yi ba, kada wani ya yaba masa. Girman kai ne ya rufe masa baki, kuma ya san haka tun kafin maganar ta gama fita. Almu ya ɗaura igiya ya jawo motar wansa wayam har bakin titi, ya koma aka loda masa albasar har rufi, ya sa giya ta ɗaya ta haye da gurnani. Ya yi ta sawu har ya kwashe ta kaf kafin rana ta yi sanyi. A sawun ƙarshe wani manomi daga cikin gona ya ɗaga murya ya kira Shiga-Fadama, a jira ga sauran buhu ɗaya. Uwaisu da Almu suka waiga tare. Malam Isa ya sunkuyar da kai yana gyara hularsa.

Malam Isa bai karya alkawarinsa ba, don har yanzu ɗan abokinsa ne yake ɗaukar albasar Kagara. Almu bai taɓa ba da labarin ranar a wurin mai shayi ba, ko sau ɗaya, kuma Uwaisu ya kasa yafe masa wannan kirkin. Habibullahi da aka tuhume shi, cewa ya yi kowannensu ya ce kada ɗan'uwansa ya ji, shi kuwa bai gaya wa kowa ba, me ake so ya yi?

Yanzu Uwaisu ne mai hanyar Sakkwato. Ya sa sabon kuloci, ya mayar da kujeru, yana ɗaukar mata da kaji da 'yan kasuwar Achida. Mahaifiyarsu motarsa take shiga idan za ta asibiti, ta ce ta yi hankali. Karansa shi ne ya fi na kowa jiƙa a tashar Wurno, sabbin direbobi wurinsa suke zuwa neman shawara, kuma rabon da ya ɗaga karan nan sama a gaban mutane tun kafin waccan bazarar. Idan Sa'adiya ta tambaye shi ya mai, sai ya ce yana nan, bai tafi ko'ina ba.

Lokacin albasa ne kawai yake wahalar zama da shi. Hanyar Goronyo ta bayan gidansa ta bi, kuma Almu da sassafe yake wucewa. Uwaisu yana zaune a kan tabarma da kofin koko, sai kukan nan ya taso daga gangaren bayan gari. Sa'adiya ta daina ɗaga kai idan ta ji shi, don ba ruwan wankan da za ta ɗora. Shi kuwa sai ya ajiye kofi, ƙafarsa ta hagu ta danna ƙasa, hannunsa na dama ya motsa a kan gwiwa.

“Sa mata giya ta biyu mana,” yakan ce a hankali. “Kullum sai ya makara.”